Wace kyamara ce za ta yi daidai da tsohuwar kwamfutata?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani malamin makaranta da ke zaune a Unguwar Rogo a cikin garin Jos. Ga taƙaitaccen abin da ya rubuto:

"Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, da yamma kuma ina taimakawa a Islamiyyar unguwarmu. Na daɗe ina son in riƙa ɗaukar darussana a bidiyo saboda ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO, in kuma riƙa ɗaukar karatun da malaminmu yake yi tsakanin Magariba da Isha'i. Na kwashi adashi a watan nan, amma kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka tsohuwa ce, Core i5 zubi na 3, RAM ɗinta gigabait 4, kuma Windows 10 ce a kanta. Wani mai shago ya nuna mini sabuwar kyamara a kwali, an rubuta 4K a jikinta, babu sunan wani kamfani da na sani, kuma kuɗina za su isa. Wani abokina ya ce a zamanin nan duk abin da ba 4K ba ɓata lokaci ne, kuma wai kwamfutata ba za ta tsinana komai ba. Da maiɗakina ta ji haka sai ta ce za ta sayar da 'yan kunnenta na gwal a cika a sayi sabuwar kwamfuta. Raina bai kwanta da hakan ba. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, ya kuma saka wa maiɗakinka, domin ba ƙaramin karamci ba ne mace ta miƙa abin da ta ajiye don ranar buƙata saboda aikin mijinta. Ka yi mata godiya sosai, sannan ka ce ta adana kayanta. Aikin da ka bayyana ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta, ba ya buƙatar 4K, kuma kyamarar nan ta cikin kwali ita ce abu na farko da nake so ka janye hannunka daga kansa. Abin da ya kamata ka nema shi ne kyamara ta sanannen kamfani, ko da ta hannu ce, wadda ke ɗaukar hoto a ma'aunin 1080, tana ajiye shi a tsarin H.264, kuma tana da kafar sa makirfo. Zan bayyana dalilin kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, saboda idan ka fahimci dalilin, babu mai shagon da zai juya maka tunani.

Mutane da yawa suna zaton da zarar an sayi kyamara an gama, alhali rabin aikin bidiyo a kan kwamfuta ake yin sa. Duk abin da ka ɗauka sai kwamfuta ta buɗe shi, ta nuna maka shi ba tare da sarƙewa ba, ka yanke inda ka yi tuntuɓen harshe ko inda hayaniya ta shigo, sannan ta sake haɗa shi ta fitar da sabon fayil. Nauyin wannan aiki ya dogara ne a kan yawan ɗigon da ke cikin hoton da kuma irin matsewar da kyamara ta yi masa. Hoton 1080 yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato kimanin miliyan 2 a kowane firam, wato kowane hoto guda daga cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. Na 4K yana da 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8, ninki huɗu ke nan cif. Kwamfutar da ke tafiyar da 1080 da ɗan nishi, idan aka ɗora mata ninki huɗu, tsayawa za ta yi cak. Ɗalibanka kuwa kusan dukkansu a waya za su kalli darasin, da datar da suka saya da kuɗin da ba su da yawa, kuma galibi a ma'aunin 480 ko 720 zai iso gare su. Allo da alli da fuskar malami ba sa buƙatar fiye da 1080.

Batun matsewa ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne wanda masu shago ba sa ambata. Babu kyamarar da ke ajiye hoto ɗanye, sai ta matse shi domin ya shiga katin memori, kuma hanyoyin matsewa biyu ne suka fi yawo a kasuwa. H.264 ta fito ne a 2003, H.265, wadda ake kuma kira HEVC, ta biyo baya a 2013. Ta biyun ta fi iya ƙanƙance fayil, amma tana kama da kayan da aka ɗaure tamau: ba su cin wuri a mota, sai dai wanda zai kwance su zai yi gumi. Firosesar Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tun daga zubi na 2, wanda ya fito a 2011, tana da wani sashe na musamman da ke kwance H.264 ba tare da wahala ba, kuma taka ta zubi na 3 ce, ta wajen 2012, saboda haka tana da shi. Cikakken sashen da ke kwance H.265 bai zo ba sai a zubi na 6, a 2015. Ma'anar wannan ita ce, bidiyon 1080 na H.264 zai yi tafiya lami lafiya a kwamfutarka, amma na H.265, musamman mai girman 4K, zai riƙa tsalle yana tsayawa, fanka tana ta kuka, jikin kwamfutar yana zafi. Abokinka ya ga irin wannan a wani wuri ne ya ɗora laifin a kan tsufan kwamfuta, alhali fayil ɗin ne bai dace da ita ba. Ga duk mai karatu da ke son sanin zubin tasa, ya duba lambar da ke bin bayan i3 ko i5 ko i7: idan lambobi huɗu ne kuma ta fara da 3, kamar 3320, zubi na 3 ke nan, idan ta fara da 6, zubi na 6.

Akwai kuma lissafin wurin ajiya, wanda na san ba zai yi maka wuya ba tunda fanninka ne. Kyamarar da ke ɗauka a kan megabit 17 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 8 a awa ɗaya, don haka katin gigabait 32 zai ɗauki kimanin awa 4. Ta 4K mai megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa. Idan za ka riƙa ɗaukar karatun malam kullum, ka auna ka ga ko cikin kwamfutarka zai kai ƙarshen wata.

Kyamarar da aka nuna maka kuwa, irinta ta cika kasuwa, daga Jos har Abuja. Siffarsu ɗaya ce: babu sunan kamfani, ko kuma suna ne da ba ka taɓa ji ba, an rubuta 4K da manyan lambobin fiksel, wato ɗigon hoto, a kwali, an haɗa da rimot da ƙaramin makirfo da jaka domin su ɗauki ido. A cikinsu akwai ƙaramin idon ɗaukar hoto irin na waya mai araha, sai a kumbura hoton da lissafi har ya kai adadin ɗigon da aka rubuta, ba tare da an ƙara masa kaifi ko kaɗan ba. Gilashinsu ba ya motsi, wato ba sa zuƙo abu na nesa da gaske, yanko tsakiyar hoton kawai suke yi su faɗaɗa shi ya dushe. Da rana tsaka a waje suna iya ba da hoto mai ɗan kyau, wanda shi mai shago zai nuna maka a ƙofar shagonsa, amma a zauren karatu bayan Magariba, ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya ko biyu, hoton zai cika da yashi, sautin kuma ya zama kamar daga cikin rijiya. Batirinsu ma idan ya mutu da wuya ka sami madadinsa.

Abin da ya dace da aikinka shi ne ƙaramar kyamarar bidiyo ta hannu daga Sony, Canon ko Panasonic, irin waɗanda aka ƙera daga wajen 2012 zuwa 2017. An yi su ne domin doguwar ɗauka, suna iya yin awa ɗaya ko fiye ba su tsaya ba, da yawansu suna aiki a jone da wuta, kuma suna ajiye hoto a AVCHD ko MP4, waɗanda a wannan zamanin nasu duk H.264 ne a ciki. Sony HDR-CX405 tana da gilashin da ke zuƙowa ninki 30 kuma ba ta da nauyi, sai dai ba ta da kafar makirfo, haka ma Panasonic HC-V180. Panasonic HC-V770 tana da kafar makirfo, kuma hotonta a wuri mai ƙarancin haske ya fi na ƙananan, amma ta fi su tsada. Canon Vixia HF R800 ita ma tana da kafar. Ban kawo waɗannan sunaye don ka kafe a kansu ba, na kawo su ne domin ka san dangin da za ka nema, tunda kasuwar kayan hannu abin da ya faɗo ake saya.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu a Najeriya wanda ba kowa ke lura da shi ba. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar ta Ingila da sauran ƙasashen Turai, ta Amurka kuwa sau 60. Kyamarar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana ɗaukar firam 30 ko 60 a daƙiƙa, kuma idan aka yi ɗauka da ita ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki ko ƙananan fitilun zamani masu araha, hoton yakan riƙa ƙyaftawa ko a ga wasu layuka suna gangarowa. Yawancin ƙananan kyamarorin nan ba a iya sauya musu wannan tsari. Saboda haka ka shiga saitin kyamarar ka duba: idan ka ga 25 da 50, ta yankinmu ce, idan ka ga 30 da 60, ta Amurka ce. Canon ma ta sauƙaƙa ganewa, domin Vixia take kiran na Amurka, Legria kuma na Turai. Darasin lissafi da za ka ɗauka da hasken rana ba zai damu da wannan ba, amma karatun dare zai damu, don haka idan ta Amurka ce kaɗai ka samu mai kafar makirfo, kada ka biya sai ka gwada ta a ƙarƙashin fitila irin ta zaurenku. Wajen saiti kuma, idan akwai 25p ka zaɓe shi, domin 50p ninki biyu ne na firam, kuma ninki biyu ne na wahala ga kwamfutarka. Wanda aka rubuta 50i yakan nuna ƙananan haƙora a gefen abin da ke motsi idan aka kalle shi a kwamfuta, sai an sa manhaja ta goge su.

Za a iya kawo maka tayin kyamarar hoto irin ta masu ɗaukar biki, kamar Canon 600D ta 2011 ko 700D ta 2013. Hotonsu yana da kyau ƙwarai, suna da kafar makirfo, kuma ana iya sauya su tsakanin 25 da 30. Matsalarsu a wurinka ita ce ba sa wuce minti 29 da daƙiƙa 59 a ɗauka ɗaya, 600D ma takan tsaya tun wajen minti 12 idan fayil ya cika gigabait 4. Malami yana tsakiyar fassara aya kyamara ta tsaya, wannan asara ce da ba a maido ta. Tsofaffin kyamarori masu kaset na MiniDV kuwa ka bar su ko da kyauta aka ba ka, domin sai da kafar FireWire ake kwashe hotonsu, kuma kaset na awa ɗaya sai an zauna awa ɗaya ana juye shi.

Kada ka zuba kuɗin adashin nan duka a kan kyamara. A ganina kada ta ci fiye da rabi zuwa kashi biyu cikin uku, saboda akwai abubuwa biyu da za su fi canza ingancin aikinka fiye da kowace lamba da aka rubuta a kwali. Na farko shi ne sauti. Ɗalibi zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai zauna minti biyar yana sauraron muryar da amsa-kuwwar aji da ƙarar babura suka cinye ba, balle karatun addini da kowane harafi yake da hakkinsa. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, irin Boya BY-M1, yana da waya mai tsawon mita 6 da ɗan batirinsa, kuma yana aiki da kyamara da waya duka. Idan kyamarar da ka samu ba ta da kafa, ka jona makirfon a wayarka, ka ajiye ta kusa da mai magana tana ɗaukar sauti daban, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, daga baya ka daidaita sautin biyu a kan wannan tafin. Hanya ce mai aiki, amma ƙarin wahala ce a kowane darasi, shi ya sa na sa kafar makirfo cikin sharuɗɗa.

Na biyu shi ne ita kwamfutar kanta, wadda ɗan gyara zai mayar da ita kamar ba ita ba. Ka kai ta wurin mai gyara a ƙara mata RAM ya kai gigabait 8, irin DDR3 da ake samu cikin sauƙi, a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa mata SSD, wato ma'ajiyar zamani mara juyawa mai sauri, a tabbatar Windows ɗin mai bit 64 ce, domin mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4. Tsohon faifan kuma a sa shi a ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiyar bidiyoyinka. Ka sa a buɗe ta a share ƙurar da ta toshe fanka a kuma sabunta man da ke kan firosesa, domin ƙurar hunturun Jos tana taruwa a nan, kuma firosesa idan ta yi zafi da kanta take rage gudu. Ka sani kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar zubi na 3 a hukumance. Wannan ba zai hana kwamfutar tace bidiyo ba, sai dai ka yi taka-tsantsan da filashin mutane da manhajojin sata.

Wajen manhajar tacewa, kada ka wahalar da kanka da DaVinci Resolve ko sabbin fitowar Premiere Pro, domin an gina su ne don injuna masu ƙarfi. Shotcut da Kdenlive kyauta ne, kuma dukansu suna iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi na bidiyonka ka yi yankan a kansa, sai a ƙarshe manhajar ta koma kan na ainihi ta fitar da shi da cikakken kyansa. Ga karatun malam, wanda galibi farko da ƙarshe kawai za ka datse, Avidemux ko LosslessCut za su yanke maka shi ba tare da sake matsewa ba, cikin ɗan lokaci kaɗan. Fitar da darasin minti 30 zai iya ɗaukar kwamfutar lokaci mai tsawo, don haka ka riƙa sa shi lokacin da wuta ta zauna, kana wani aikin.

Yanzu sai yadda za ka yi sayayyar. Ka tafi da kwamfutarka da katin memorinka, ko shagunan Ahmadu Bello Way da kewayen Taminus za ka, ko ka sami mai zuwa shagunan Banex a Wuse 2 a Abuja, ko kuma wurin wani mai ɗaukar biki da ya sabunta kayansa yake son rabuwa da tsofaffi. Jos gari ne da ba a rasa masu sanin kyamara, tunda Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Rayfield duk a nan suke, kuma idan ka sami ɗalibi ɗaya daga can ya raka ka, ya fi maka dogon bayanin mai shago. Ka sa katinka a kyamarar, ka ɗauki minti biyar a cikin shagon inda haske bai da yawa, kana magana da makirfo a jone, ka zuƙo har ƙarshe ka dawo kana sauraron ko injin gilashin yana ƙara. Ka ɗauki farin bango ko farar takarda domin tabon ƙura ko mataccen ɗigo ya bayyana. Ka haska gilashin da fitilar waya ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo a ciki, wanda alamar danshi ce ta ɓata shi. Ka buɗe allon gefe ka rufe sau da yawa, domin wayar da ke cikin maƙallinsa tana cikin abubuwan da ke fara lalacewa. Sannan ka cire katin, ka sa a kwamfutarka a gaban mai shagon, ka kunna bidiyon da manhajar VLC, ka kuma jefa shi cikin Shotcut ka ja shi gaba da baya. Idan ya tafi sumul kuma muryarka ta fita tar, ka yi ciniki. Idan mai shago ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, ka yi masa sallama ka nufi shago na gaba.

Ka tambayi batir da caja tun kafin a tsayar da farashi, ka kuma tabbatar ana samun irin batirin a kasuwa, saboda batirin kyamarar da ta shekara goma ya riga ya gaji, kuma sanyin Disamba da Janairu a Jos yana ƙara rage masa ƙarfi. Katin memori ka sayi na gigabait 32 guda biyu mai lamba 10 a cikin da'ira, maimakon babba guda ɗaya, domin wasu tsofaffin kyamarori da na'urorin karanta kati ba sa gane na gigabait 64 zuwa sama, kuma idan ɗaya ya lalace ba ka rasa komai duka ba. Katunan jabu sun yi yawa, don haka ka gwada kowanne da ƙaramar manhajar H2testw kafin ka amince masa da karatun malam. Idan ka ga kyamara ta raba doguwar ɗauka gida biyu ko uku, ba lalacewa ba ce, tsarin katin ne ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, sai ka kwashe foldar da suke ciki gaba ɗaya ka jera su a manhaja. Ƙafar ɗora kyamara ma dole ce, ko da mai araha ce, domin hannu ba ya riƙe awa ɗaya ba tare da rawa ba.

Idan ka zagaya ba ka sami wadda ta cika sharuɗɗan nan a kan kuɗinka ba, kada ka matsa wa kanka, kuma kada ka koma kan 'yan kunnen maiɗakinka ko ka ci bashi. Ka sayi makirfo da ƙafa da maƙallin waya, ka gyara kwamfutar, ka fara da wayar da ke hannunka. Ka saita ta a 1080, ka kashe zaɓin matsewa mai suna HEVC idan tana da shi, ka sa ta a yanayin jirgin sama kada kira ya katse ɗauka. Idan ka lura sauti yana zamewa daga motsin baki wajen tacewa, ka bi da fayil ɗin ta manhajar HandBrake ka zaɓi daidaitaccen gudun firam, zai gyaru. Waya za ta ishe ka darussan lissafi na minti 15 zuwa 20, sauran kuɗin kuma ka ajiye su har kyamarar da ta dace da karatun dare ta faɗo. Kafin ka fara ɗaukar karatun, ka nemi izinin malam, kuma idan fuskokin ɗalibai za su fito a darasin aji, ka sanar da hukumar makaranta da iyayensu. Allah ya sa albarka a cikin aikin, ya amfanar da ɗalibanka da shi.